Amsoshin Wasiƙunku: Sana'ar Ɗora Murya

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga sana'a guda, kuma mafi yawansu daga cikin garin Jos da kewayensa suka fito. Sana'ar ita ce ɗora murya, wato aikin mutumin da ake jin muryarsa ba a ganin fuskarsa, ko a tallan rediyo da talabijin, ko a sanarwar rigakafi, ko a finafinan da ake fassarawa zuwa Hausa, har ma da muryar nan da ke amsa wa mutum idan ya kira kamfanin waya. Ban yi mamakin yawan wasiƙun daga Jos ba, domin a nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya take, a nan Kwalejin Talabijin ta NTA take, kuma daga nan aka fara watsa talabijin mai launi a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970. Na zaɓi wasiƙu biyar, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Anguwar Rogo. Tun ina sakandare ake ce mini ina da muryar rediyo, kuma na iya kwaikwayon manyan masu karanta labarai har ba a bambance mu. Na kai samfurin muryata wani situdiyo, sai furodusan ya ce da ni: "Karatu kake yi, ba magana ba." Me yake nufi, kuma yaya zan gyara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan furodusa ya yi maka alheri, domin da yawa sukan ce "za mu neme ka" su sallame ka ba tare da ka san inda ka kuskure ba.

Muryoyin da kake kwaikwayo suna da tarihi, kuma ya kamata ka san shi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka kuma a 1979. Shekaru da yawa mutanenmu a kan gajeren zango suke kama waɗannan tashoshi, inda sauti yake zuwa yana ɗaukewa, ga kuma ƙugin iska. Dole mai karanta labarai ya ja magana a hankali, ya cika baki da kowace kalma, domin makiyayin da ke daji da ɗan akwatin rediyonsa ya ji abin da aka faɗa. Bayan haka, aikin labarai yana bukatar mai karatu ya ɓoye abin da ke ransa, kada a ji ya goyi bayan wani ɓangare. Wannan salo ya dace da aikinsa, kuma waɗanda suka ƙware a kansa sun cancanci girmamawa. To amma wanda zai ji tallan da za ka ɗora wa murya a yau, galibi waya ce a hannunsa, muryarka tana shiga cikin kunnensa kai tsaye kamar kana zaune kusa da shi a benci. Idan ka yi masa muryar labaran duniya kana tallan sabulu, zai ji kamar ana yi masa shela, ya kawar da hankalinsa. Ga kuma wata matsala ta kasuwa: duk mai son muryar wane, zai nemi wane ɗin ne ya biya shi. Hausawa sun riga sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

A farkon shigata wannan aiki an ba ni sanarwa kan ciwon ƙyanda, na karanta ta sau da yawa ana cewa in sake. Daga ƙarshe sai dattijon da ke koya mana aiki ya karɓe takardar daga hannuna, ya kira maigadin gidan ya zaunar da shi a gabana, ya ce: "Wannan bawan Allah yana da jikoki a gida, faɗa masa abin da ya kamata ya yi musu." Na dubi mutumin na faɗa masa, ban san an kunna na'ura ba. Abin da aka ɗauka a wannan lokaci shi aka watsa. Har yau ban ga darasin da ya fi wannan ba, kuma shi nake so ka gwada. Kafin ka matsa kusa da makirfo, ka tsayar da mutum ɗaya a ranka, wanda ka sani da suna da kamanni, kamar yayarka da ke tsakar gida tana tankaɗe, ko abokinka mai tuƙa keke a hanyar Bauchi. Ka san abin da kake so ya yi bayan ya ji ka. Ka karanta rubutun sau uku har ma'anarsa ta zauna maka, sannan ka kife takardar ka faɗa masa da bakinka, wayarka tana ɗauka. Daga nan ka karanta daga takarda ka sake ɗauka, ka saurari biyun a jere. Za ka ji cewa a ɗauka ta farko numfashinka yana faɗuwa ne inda tunani ya ƙare, a ta biyu kuwa yana faɗuwa ne inda layi ya ƙare. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita furodusan yake nuna maka, kuma aikinka na watanni masu zuwa shi ne ka rufe ta har ka iya riƙe takarda a hannu ba a ji alamar takarda a muryarka ba.

Akwai abin da ya keɓanta da Hausa wanda masu koyo daga bidiyoyin Turanci a intanet suke tuntuɓe da shi. A Turanci ana ƙarfafa kalma ta hanyar dukanta da murya. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, kuma idan ka daki kalma da ƙarfi kana iya karya mata kari har ta fita daga kamanninta. Mu da tsarin jimla da ƙananan kalmomi muke ƙarfafa magana. "Za a fara rigakafin ranar Asabar" labari ne kawai, amma "Ranar Asabar ce za a fara rigakafin" ya ɗora nauyin duka a kan ranar ba tare da ka ɗaga murya ba. Haka "kyauta ne fa" ya fi ihun "kyauta" shiga zuciya. Kalmomi irin su dai, kuwa, fa, ma da kam su ne gishirin maganar Bahaushe, kuma su ne farkon abin da ke ɓacewa idan rubutu ya fito daga fassara.

Ka kuma tuna cewa rubutun boko ba ya nuna kari ko tsawon wasali. Kalmar "fari" tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko kwarin da ke cinye amfanin gona, kuma kowacce furucinta daban ne. Haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, da "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, da "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Wanda bai karanta jimla har ƙarshe a ransa ba kafin ya furta ta, ba makawa zai faɗi wata a madadin wata. Saboda haka kada ka yarda a miƙa maka takarda ka shiga ɗauka nan take. Ka nemi ko da minti biyar ne ka bi ta da alƙalami, ka sa alama inda za ka numfasa da inda kalma take da fuska biyu.

Yawancin rubutun tallan da zai zo hannunka da Turanci aka fara rubuta shi, sannan wani ya juya shi kalma bayan kalma. Za ka ga an rubuta "yi magana da likitanka a yau", alhali mutumin Gangare ba shi da wani likita nasa na kansa. Abin da ya sani shi ne "ka je asibiti a duba ka". Cikin ladabi ka nemi izinin gyara irin wannan, ka ɗauki yadda aka rubuta da yadda ka gyara, ka aika duka biyun su zaɓa. Idan kuma Hausar ta fi daƙiƙa 30 ɗin da aka saya, abin da ya kamata shi ne a rage kalmomi, domin gudu da magana yana haɗiye dogayen wasula, sai saƙon ya lalace.

Game da malamai kuwa, kana da su kyauta. Ka zauna ka saurari yadda tsohuwa take sauya murya tsakanin Gizo da Ƙoƙi ba tare da ta tashi daga tabarma ba, da yadda mai tallan magani a kasuwar Terminus ta Jos yake tsayar da mai sauri da jimla ɗaya, da yadda sanƙira yake sanin inda zai ja suna da inda zai yi shiru. Dabarar riƙe mai sauraro za ka ɗauka daga gare su, muryar kuwa ka bar ta yadda Allah ya ba ka.

TAMBAYA: Barka da aiki, Baba. Ni 'yar Bukuru ce, Berom ce ni, kuma da Hausa na tashi. Na nemi aikin ɗora murya sai aka ce Hausata "ta Jos ce, ba ta nuna ba". Abin ya ɓata mini rai. In haƙura ne?

AMSA: Kada ki haƙura, 'yata. Hausar Jos Hausa ce ta mutane masu yawa da suke ciniki da aure da ibada da ita, kuma akwai aikin da ba wanda zai yi shi da kyau sai mai ita. Idan ana son a yi wa matan Bukuru ko na Farin Gada magana kan awon ciki ko kan zaman lafiya tsakanin unguwanni, muryar da ta yi kama da ta maƙwabciyarsu ta fi muryar baƙo samun karɓuwa. Wannan kasuwa taki ce tun yanzu.

Sai dai ba zan ɓoye miki ɗaya ɓangaren ba. Aikin da za a watsa daga Sakkwato zuwa Maiduguri har Jamhuriyar Nijar, da daidaitacciyar Hausa ake yin sa, wadda aka gina a kan karin Kano, kuma shi ya fi kawo kuɗi. Abubuwa biyu ne kunnen Bakano ko Bakatsine yake fara kamawa a Hausar Jos. Na farko shi ne baƙaƙe masu ƙugiya da harafin "ts", domin "kafa" daban take da "ƙafa", "bata" daban da "ɓata", "baki" daban da "baƙi". Na biyu shi ne jinsi, inda za a ce "mota ya lalace" ko "yarinyan ya zo" a maimakon "mota ta lalace" da "yarinyar ta zo". Duka biyun ana koyonsu kamar yadda ake koyon kowane fanni na sana'a. Ki rubuta irin waɗannan tagwayen kalmomi, ki samu wata wadda ta tashi da su a baki ta karanta miki ki ɗauka a waya, ki riƙa maimaitawa kullum kina ɗaukar taki kina kwatantawa. Jinsi kuwa karatun littattafan Hausa da babbar murya shi yake zaunar da shi. Basakkwace ma da Bazazzagi sai sun yi irin wannan gyara kafin su karanta labarai, saboda haka ba ke kaɗai aka ɗora wa ba.

Sannan ki lissafa abin da kike da shi wanda ɗan Kano ba shi da shi. Kina jin Berom, kina jin Hausa, kuma na tabbata kina jin Turanci da Broka. Ƙungiyoyi da hukumomin da ke wayar da kai a Filato sukan bukaci saƙo ɗaya a harsuna da yawa, kuma wadda za ta iya ɗaukar uku a zama ɗaya ta rage musu wahala. Tun 1 ga Oktoban 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da masu ɗora murya 'yan ƙasashen waje a tallan da ake nufin 'yan Najeriya da shi, wanda hakan ya ƙara buɗe ƙofa ga muryoyin gida. Ki shirya samfuri daban ga kowane harshe, ki rubuta a kan na Hausar Jos cewa na Hausar Jos ne, ba tare da jin nauyi ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, kuɗina kaɗan ne. Wane makirfo zan saya, kuma sai na yi makaranta ta musamman?

AMSA: Ka fara da ɗaki kafin makirfo, ɗana. Makirfo mai tsada a ɗaki mai siminti da rufin kwano, amsa-kuwwar ɗakin zai ɗauko da ƙarar janaretan maƙwabta, kuma a daminar Jos ba ka da abin yi da ruwan da ke dukan kwano sai jira. Ka nemi lungu mafi ƙanƙanta, ka jingina katifa a bango, ka rataya barguna a gabanka da bayanka, ka shimfiɗa darduma a ƙasa. Ko buɗaɗɗen kabad mai cike da tufafi yana shanye amsa-kuwwa. Ka tafa hannu a ciki, idan sautin ya mutu nan take wurin ya yi. Lokacin ɗauka mafi kyau shi ne tsakar dare ko bayan sallar Asuba kafin kekuna su fito.

Wayar hannu mai kyau ta isa atisaye na watannin farko. Idan ka tashi saye, irin makirfon da mawaƙa ke riƙewa a dandali ya fi dacewa da unguwa mai hayaniya, domin bai cika jawo sautin nesa ba kamar na situdiyo. Ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bakinka, ka ɗan kauce masa kaɗan, ka sa tsumma mai shara-shara a zobe a tsakani domin iskar "f" da "b" kada ta dake shi. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa aiki. Ka ajiye ainihin ɗauka a tsarin WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba ya rage ingancinsa, kada ka sa mata kiɗa ko amo sai an nema.

Takardar shaida ba sharaɗi ba ce, da kunne ake ɗaukar mutum a wannan aiki. Amma horo yana gajarta hanya, kuma kana zaune a garin da ke da Kwalejin Talabijin a Rayfield, da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, da sashen wasan kwaikwayo a jami'arku. Ɗaliban fim kullum suna neman mai ba da labari a ayyukansu, ka miƙa kanka. Ka kuma nemi aikin sa kai a gidan rediyo da talabijin na Jihar Filato, wato PRTVC, ko wata tashar FM. Samfurinka kada ya wuce minti ɗaya da rabi, ya ƙunshi talla da sanarwa da ba da labari, mafi kyawunsu a farko.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na yi wa wani kamfani talla aka ba ni abin da bai taka kara ya karya ba, yau shekara biyu ina jin muryata a tashoshi har Abuja. Yanzu kuma wasu sun ce in karanta musu dubban jimloli domin koyar da kwamfuta Hausa. Mece ce shawararka?

AMSA: Malam, abin da ya same ka ya samu kusan kowa a cikinmu, kuma tushensa ɗaya ne: mun ɗauka lokacin da muka ɓata a situdiyo muke sayarwa, alhali abin da ake saye shi ne izinin amfani da murya. Tallan da za a sa a tasha ɗaya a Jos na wata uku, da wanda za a sa a faɗin Arewa na shekara a rediyo da talabijin da Facebook, ba farashinsu ɗaya ba ko da tsawonsu ɗaya. Kafin ka faɗi kuɗi ka tambayi inda za a sa, da tsawon lokacin, da kafafen da za a yi amfani da su, sannan a rubuta amsar. Ko saƙon WhatsApp da ɗaya ɓangaren ya amsa da "na yarda" ya fi alkawarin baki. A rubuta har da yawan gyaran da za ka yi kyauta, domin idan su suka sauya rubutu bayan ka ɗauka, sabon aiki ne. Ga wanda ba ka taɓa aiki da shi ba, ka karɓi rabi kafin ka fara. Na san kunya tana hana mu irin wannan magana, musamman idan wani babba ne ya haɗa, amma ciniki ne, kuma addini ma ya yi umarni da rubuta bashi. Game da tsohon tallan, idan ba a rubuta komai ba da wuya ka samu ƙari, sai dai ka nuna wa lauya abin da ke hannunka, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi haƙƙoƙi ga masu gabatar da aikin fasaha.

Batun kwamfuta ya fi wannan nauyi. Ina son Hausa ta shiga na'urorin zamani, domin tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta samu wayar da za ta karanta mata saƙo. Amma karatu iri biyu ne. Akwai wanda ake tara muryoyin mutane da yawa domin na'ura ta riƙa gane magana, akwai kuma wanda ake ɗaukar muryar mutum ɗaya na sa'o'i masu yawa domin na'ura ta riƙa magana da irin muryarsa. Na biyun yana nufin za a iya sa muryarka ta faɗi abin da ba ka taɓa faɗa ba, a tallan da ba za a biya ka ba, ko a bakin ɗan siyasar da ba ka goyon baya. Wannan na cikin manyan dalilan yajin aikin kwana 118 da ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka ta yi a 2023. Ka tambayi masu son ka yi musu karatun a rubuce wanne suke nufi, wa zai mallaki muryar, ko za su iya sayar da ita ga wani, da shekarun da izinin zai ɗauka. Idan ka ga kalmomin "har abada" da "kowace irin manufa" a takarda, kada ka sa hannu sai lauya ya gani.

Zan ƙara da abin da ba ka tambaya ba. Za a kawo maka tallan maganin da aka ce yana warkar da ciwo goma, ba shi da rajistar NAFDAC, kuma kuɗinsa a hannu. Mutane za su saya ne saboda sun yarda da muryarka, don haka alhakin wanda ya sha ya cutu har da kai. Ni ba na karɓar irin wannan aiki, kuma ba na ba kowa shawarar ya karɓa.

TAMBAYA: Baba, duk lokacin hunturu muryata takan dishe, ina shan zuma da citta amma ba ta sakewa. Ni mai fassarar finafinai ce daga Nasarawa Gwong.

AMSA: Sannu, 'yata. Zuma da citta suna sanyaya maƙogwaro, amma abin da aka haɗiya ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya. Busasshiyar iskar hunturu da ƙura su ne suke busar da shi, ga kuma aikinki na fassara da ke sa ki ihu da kuka da sauya murya na sa'o'i. Ki yawaita shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo, ki yi suracen ruwan zafi zalla, ki rufe hanci da baki idan za ki fita da sassafe, ki nisanci hayaƙin itace da na sigari. Ki daina yawan gyaran murya da kakari, kuma idan ta dishe kada ki koma raɗa, domin raɗa ma tana wahalar da ita; shiru ne hutunta. Ki bar fitowar da ke da ihu zuwa ƙarshen zama, kuma a watan azumi ki sa aikinki da safe. Idan dishewar ta wuce mako uku, ko kina jin zafi wajen haɗiya, ko kin ga jini, ki ajiye maganin gida ki je ki ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos domin a duba da na'ura.